Haƙƙin Kyanwa a Kan Mai Tukunya

  

  

Na tabbata a cikinku akwai wanda, da ya ji an ce a kan kyanwa za a yi laccar yau, ya ce a ransa, duk al'amuran da suka dami al'umma an rasa wanda za a tara mutane a kansa sai na dabbar da ke kwana a gindin murhu? Ban ga laifinsa ba. Sai dai ina roƙonsa ya tuna cewa Bukhari da Muslim duka biyu sun ruwaito labarin matar nan da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci a bayan ƙasa ba. Ya tuna cewa Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa yadda Abu Ƙatada ya karkato wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha ta ƙoshi. Ya kuma tuna cewa sahabin da ya fi kowa yawan ruwayar hadisi, duniya ba ta san shi da wani suna ba kamar alkunyar da ya samu saboda 'yar kyanwarsa, wato Abu Huraira. Masu tarihi ma sun ambata cewa Sultan Zahir Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don a riƙa ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su. To, dabbar da shari'a ta kula da ita har haka, sarakuna suka ware mata waƙafi, ba ta yi ƙanƙantar da za mu ba ta sa'a guda ta yammacinmu ba.

Galibinmu, alhamdu lillahi, ba ma cikin masu hana kyanwa abinci. Ta wajen bayarwa namu kuskuren yake zuwa, domin mun ɗauka cewa duk abin da ya halatta gare mu, ya yi mana daɗi a baki, ya kuma zauna mana lafiya a ciki, to alheri ne idan muka miƙa mata shi. Ni kaina na daɗe a kan wannan zato, sai da wani abu ya faru a gidana sannan na gane cewa rashin sani ya fi dare duhu.

Muna da wata kyanwa fara mai ɗigon baƙi a goshi, wadda ta shekara huɗu tana tsaron ɗakin da muke ajiyar hatsi, har ya zamana ba a jin motsin ɓera ko da dare ya raba. A wata Babbar Salla, da aka yi layya aka shiga suya, aka ɗora farfesun kayan ciki wanda ya ji albasa da tafarnuwa, sai yara suka ga ai ita ma ranar sallarta ce, suka riƙa cika mata kasko da romo da tsoka da albasar da ta narke a ciki, safe da yamma, har kwana uku, mu kuma manya muna kallo muna sa musu albarka. Bayan wasu kwanaki sai ta daina fitowa. Na same ta a ƙarƙashin gado tana numfashi sama-sama, ko kai ba ta iya ɗagawa, inda ta yi fitsari kuwa ya yi ja kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Da na kai ta wurin likitan dabbobi, ya ɗaga leɓenta ya nuna mini dasashinta, wanda ya kamata a gan shi jajir, ya koma fari fat kamar alli, sai ya tambaye ni abin da ta ci a makon nan. Na lissafa masa ina jin cewa mun yi abin kirki. Ya ce, "Malam, naman ba shi da laifi, albasar da ke cikin romon ce ta farfasa mata jini." Da na koma gida na faɗa wa uwargida, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, mu da muka ba ta don Allah?" Wannan tambaya tata ita ce asalin laccar da kuke saurara.

Kafin mu shiga lissafin abinci, ya kamata mu dubi hikimar da ke cikin halittar kyanwa, domin wanda ya san illar hukunci ba ya bukatar ya haddace dukan rassansa. Asalinta kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, mazauniyar ƙasa mai ƙarancin ruwa, wadda ta matso kusa da ɗan Adam sa'ad da ya fara noma ya gina rumbu, ɓeraye suka bi hatsi, ita kuma ta bi ɓeraye. A 2004 masu binciken tarihi na Faransa suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Saifurus, mai shekara kamar 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna. Amma duk tsawon wannan zama, cikinta bai sake ba. Haƙoranta 30 na yanka ne da yaga, babu na niƙa. Hanjinta gajere ne. Yawunta ba shi da sinadarin da ke fara narkar da hatsi kamar namu. A 2005 kuma masu bincike a birnin Filadalfiya na Amurka suka nuna cewa harshenta ba ya jin zaƙi ko kaɗan. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne hantarta, wadda, da yake kakanninta ba su taɓa dogara da ganye ko saiwa ko 'ya'yan itace ba, ta rasa wata babbar hanya daga cikin hanyoyin da hantar mutum da ta akuya suke bi su warware dafin tsirrai su fitar da shi, saboda haka abin da jikinmu zai kawar cikin sa'o'i kaɗan, ita sai ya zauna mata ya yi ta ɓarna. Mutane na cewa mage rai tara gare ta, don sun ga ta faɗo daga kan katanga ta miƙe ta tafi. Amma a gaban abin da ya shiga ta baki, tana cikin mafi raunin dabbobin gida.

Mu fara da albasa, tun da ita ce ba ta rabuwa da tukunyarmu, ita ce kuma arzikin manomanmu daga Aliero har Galmi. Albasa da lawashinta da tafarnuwa dangi ɗaya ne, kuma dukansu suna ɗauke da wasu sinadarai masu ƙibiritu, su ne ke sa mai yanka ta hawaye. Idan suka shiga jinin kyanwa, sai su auka wa jan sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda aikinsa ɗaukar iska daga huhu zuwa sauran gaɓoɓi. Wannan sinadari, a jikin mutum wurare 2 yake da su masu rauni inda irin wannan dafi ke kamawa, a jikin kare 4, a jikin kyanwa kuwa 8. Idan dafin ya kama, sai sinadarin ya dunƙule ya manne a gefen ƙwayar jinin, kamar yadda wani likita Bajamushe mai suna Robert Heinz ya fara siffantawa a 1890, daga nan ƙwayar ta yi rauni ta fashe. Jan fitsarin da na gani a ƙarƙashin gado ragowar waɗannan fasassun ƙwayoyi ne, farin dasashin kuma shaidar jinin da ya ragu ne.

Akwai abubuwa uku game da albasa da nake so kowa ya tafi da su gida. Na farko, kaɗan ta isa: likitocin dabbobi sun ƙiyasta cewa giram 5 a kan kowane kilo na nauyin kyanwa yana iya taɓa jininta, ke nan kyanwa mai kilo 3 giram 15 ya ishe ta, abin da bai kai rubu'in matsakaiciyar albasa ba, tafarnuwa kuwa ta ninka albasa ƙarfi sau uku zuwa biyar. Na biyu, wuta ba ta kashe wannan dafi. A dafa, a soya, a shanya, a daka, yana nan, busasshiya ma ta fi ƙarfi tun da ruwanta ya fita, har a 1998 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Dabis suka nuna cewa garin albasar da ke cikin abincin jarirai na kwalba ya isa ya ɓata jinin kyanwar da ake ciyarwa da shi. Na uku, wanda shi ne ya fi ruɗar mutane, cutar ba ta bayyana a ranar da aka ci, sai bayan kwanaki, lokacin da kowa ya manta da abin da aka zuba a kasko, sai a ce sammu ne, ko maƙwabci ya sa mata guba, a ɗauki alhakin bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Saboda haka ragowar miya, da romon farfesu, da tsire da balangu da aka barbaɗe da yaji aka yanka wa albasa, da kilishi, da dafa-duka, duk ba abincinta ba ne, ko da kuwa nama ne ya fi yawa a ciki.

Sai goro da 'yan'uwansa. Goron da kakanninmu suka yi ta fataucinsa daga Gwanja, abin da ke sa ya kori barci shi ne sinadarin kafeyin, wanda ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, tare da ɗan'uwansa tiyoburomin. Kafeyin ɗin nan shi ne a cikin shayi da gahawa da lemunan kwalba masu ƙara kuzari, tiyoburomin kuma shi ya fi yawa a cikin koko da cakulan, musamman baƙin. Abin da zai wartsake dattijo mai kilo 60, idan ya shiga jikin dabbar da ba ta wuce kilo 4 ba, sai zuciyarta ta yi ta bugawa da sauri ba bisa ƙa'ida ba, ta kasa zama wuri ɗaya, ta yi amai, jikinta ya kama rawa, idan abin ya yi yawa ta shiga jijjiga kamar mai farfaɗiya. Gaskiya ne kyanwa ba ta cika neman goro ko alewa da kanta ba, amma duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi da sassafe ya ga yadda take zagaya ƙafafun benci, ya ga kuma mai tausayin da ke juye mata ragowar kofinsa a murfin gwangwani. Maiƙon madara take bi, shayin da kokon kuma su bi ta ciki.

Ita kanta madarar, wadda kowa ya ɗauka ita ce abincin kyanwa na asali, tana bukatar bayani. 'Yar kyanwa tana narkar da nonon uwarta sarai, amma da zarar an yaye ta, sinadarin da ke narkar da sukarin madara sai ya ragu a hanjinta, don haka yawancin manyan kyanwoyi idan suka sha madarar shanu ko ta gwangwani ko ta gari, sai kumburin ciki da zawo su biyo baya. Madara ba ta kai albasa haɗari ba, kindirmo ma ya fi sauƙi tun da tsami ya cinye wani sashi na sukarin. Amma zawo a lokacin bazara, ga dabbar da dama ba ta cika shan ruwa ba, yana iya ƙarar da ita, 'yar jaririyar da ta rasa uwa kuwa madarar shanu ba ta riƙe ta.

Ko cikin nama da kifi, waɗanda su ne haƙiƙanin abincinta, akwai haddi. Ɗanyen kifi na wasu jinsuna yana ɗauke da wani sinadari mai rusa bitamin B1, wanda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba sa aiki sai da shi. Kyanwar da aka daɗe ana zuba wa ɗanyen kifi da kayan cikinsa, sai a ga tana tangaɗi, wuyanta ya lanƙwashe, haɓarta ta taɓa ƙirji, alhali dafuwa kaɗai ta isa ta kashe wannan sinadari. Hanta kuma, wadda kyanwa ke so fiye da kome, ta cika bitamin A, shi kuwa taruwa yake yi a jiki. A shekarun 1960 likitoci a Jami'ar Kwinsland ta Ostareliya suka gano cewa kyanwoyin da aka ɗora wa hanta kullum, ƙasusuwan wuyansu sukan yi tsiro su haɗe, har dabbar ta kasa juyawa ta lashi jikinta. Mushen kaza ma kada a jefa mata. Murar tsuntsaye, wadda aka tabbatar da ɓullarta a jihar Kaduna a 2006, tana kama kyanwa ta kashe ta, kuma a 2024 a jihar Tekzas ta Amurka kyanwoyi da dama sun mutu a wata gonar shanu bayan sun sha ɗanyar madarar shanun da suka kamu da ita. Dafaffen ƙashin kaza kuwa tsagewa yake yi ya zama kamar tsinke, ƙayar kifi kuma takan maƙale a maƙogwaro.

Sauran zan ambace su a taƙaice. Kwaɓin fanke ko na burodi ko ƙullun waina da aka sa wa yisti aka rufe ya tashi, idan ta ci shi ɗanye, ɗumin cikinta zai sa ya ci gaba da kumbura yana fitar da barasa, barasa kuwa ko cokali guda haɗari ce gare ta. Gishiri mai yawa, irin na dunƙulen miya da kifin da aka gishirta, yana wahalar da ƙodarta. Inabi da zabibi an tabbatar suna kashe ƙodar karnuka, a 2022 kuma likitocin dabbobi a Amurka suka danganta abin da wani sinadari mai tsami wanda tsamiyarmu ma take da shi da yawa. Bisa ƙiyasi da tsantseni suka ce a nisanta su daga kyanwa ita ma, mu kuma sai mu haɗa da kunun tsamiya.

Akwai abu ɗaya wanda ba abinci ba ne, amma zan ci amanar wannan zama idan na tashi ban faɗe shi ba, shi ne farasitamol. Da yake muna shan sa kamar ruwa, har muna ba jarirai, sai mai kyanwa ya ga ta yi laushi ya ɓare ƙwaya ya ɗura mata, yana nufin taimako. Wannan magani ta hanyar nan da hantar kyanwa ta rasa ake fitar da shi daga jiki, don haka ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta, rabinta ma haka. Cikin sa'o'i kaɗan dasashinta zai koma launin ƙasa, fuskarta da tafukan ƙafafunta su kumbura, numfashi ya gagare ta. Likitocin dabbobi suna da makarinsa, amma sai an kai ta da wuri yake amfani. Asfirin da sauran magungunan ciwon jiki namu, hukuncinsu ɗaya: kada a ba ta sai da umurnin likita.

Idan kuwa ƙaddara ta riga fata, ta ci wani abu daga cikin waɗannan, to kada a ɗura mata manja ko madara ko ruwan gishiri kamar yadda aka saba, domin manja yakan sarƙe ta ya gangara huhu, madara ba ta karya dafi, ruwan gishiri kuwa shi kansa guba ne. A lura da abin da ta ci, da yawansa, da lokacin da ta ci shi, a ɗauki ragowarsa ko kwalinsa, a nufi asibitin dabbobi mafi kusa tun ba ta nuna alama ba. Haka nan kyanwar da ta yi kwana biyu ba ta ci kome ba, kada a ce a bar ta ta huta, domin yunwa kanta tana lalata mata hanta.

Wani zai ce, to malam, ka hana miya, ka hana madara, ka hana shayi, mu da ba mu da kuɗin abincin gwangwani, me za mu ba ta? Amsar tana da sauƙi, ba ta kuma ƙara wa mai gida ko kwabo: a cire mata rabonta kafin albasa ta shiga tukunya. Idan an wanke nama ko kaza ko kifi, a ɗebi 'yar tsoka a tafasa ta daban da ruwa zalla, ba gishiri ba yaji, a zare ƙashi da ƙaya, a ba ta tare da ɗan romonsa. Zuciya da ƙundu suna da kyau ƙwarai, domin nama, musamman zuciya, shi ke ɗauke da sinadarin torin wanda jikinta ba ya iya yin isasshensa. A 1975 aka gano cewa rashinsa yana makantar da kyanwa, a 1987 kuma aka gano yana raunana mata zuciya, shi ya sa wadda aka tsare a kan tuwo da shinkafa zalla take lalacewa a hankali ko da cikinta a cike yake. Dafaffen ƙwai yana da kyau, hanta kuwa ɗan yanki sau ɗaya a mako ya wadatar. A ajiye mata ruwa mai tsabta a inuwa, a sake shi kullum. Wadda aka bar wa ƙofa tana farauta takan cike gibinta da kanta, sai dai a kiyaye ta daga ɓeran da ya ci shinkafar ɓera; wadda aka kulle a bene ko a gidan haya kuwa, ba ta da wani arziki sai abin da hannunka ya miƙa, kuma a kanta ne hadisin da muka fara da shi ya fi nauyi.

Kyanwarmu Allah ya yi da sauran kwananta. Ta yi kusan mako uku kafin dasashinta ya dawo da launinsa, ta koma bakin aikinta a ɗakin hatsi. Tun daga wannan shekara, duk ranar da za a ɗora sanwa, kafin uwargida ta ɗauki wuƙar yanka albasa, sai ta tsame 'yar tsoka ta jefa a wata ƙaramar tukunya da ta ware, yaran da suka cika kaskon a wancan karo kuwa su ne yanzu ke hana baƙi zuba mata ragowar miya. Niyyarsu ta farko kyakkyawa ce, ina kuma fatan Allah ya ba su ladanta. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa bai halatta ga baligi ya aikata wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, ya tambayi masana idan bai sani ba, ni kuwa ina ganin ciyar da dabbar da ba ta da bakin da za ta ce wannan yana cutar da ni yana cikin ayyukan da suka fi bukatar wannan tambaya.

Allah ya sa mu cikin masu jinƙai da sani, ya yafe mana abin da muka cutar da bayinsa marasa baki bisa jahilci, ya ba mu ikon sauke amanar duk abin da ya sa a ƙarƙashin hannunmu.